Ranar da Na Kulle Zabi

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin sunan jikana ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba. Ina so a sani tun daga farko: laifin zafi ne, da masu ɗauke wuta, da waɗansu tsinannun zabi. Nawa laifin ɗan kaɗan ne. (Matata Azumi tana da wani ra'ayi dabam, amma ba ita ke riƙe da biro ba.)

Da ƙafafuna suka gaji da sayar da takalma a unguwar Alabar ta Kumasi, sai na sayi ɗan fili gaba da Oforikrom, can inda trotro, motar hayarmu, ke fara nishi. Ɗakuna uku, bishiyar mangwaro, 'yan kunyoyin rogo, awaki da kaji. Na ce a nan zan huta. Sai Azumi, da yake 'yar Bawku ce, garin masu kiwon zabi, ta kawo zabi. Jama'a, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na san abin da ake kira hutu, kuma babu shi a gidan da zabo yake. Ganye ya faɗo, ihu. Ƙadangare ya gyaɗa kai, ihu. Ni maigida in fito da butata, su taru su yi mini ihu kamar sun kama ɓarawo a tasha. In na yi magana sai Azumi ta ce, "Alhaji, masu gadinka ne fa. Maciji ba ya zama inda suke." Na ce mata mai gadin da ke yi wa maigida ihu, sallamarsa ake yi.

To, autarmu Rabi ta dawo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Murna ba ta gama shiga ba sai ga saƙo daga uwar mijinta, Hajiya Ramatu ta unguwar Dichemso. Mutanen Nijar ne, manyan 'yan kasuwa, ita kuwa irin matar nan ce da ko tari za ta yi sai ta gyara mayafi. Wai a kwaso mai jego da jariri a kai mata, a yi suna can, don ba a ajiye jinjiri a daji cikin macizai.

Daji! Gidan da na ɗora bulo a kan bulo da gumin shekara da shekaru! Na sa babbar riga na tafi Dichemso da kaina, na tsaya gaban mazan gidan na ce tun da na tare ko saɓar maciji ban taɓa gani ba. (Na taɓa gani. Na tura ta cikin rogo da ƙafa. Saɓa ai ba maciji ba ce, tsohuwar riga ce.) Hajiya ta amsa daga bayan labule cewa ta yarda a yi suna a gidana, amma ko igiya ce ta motsa a tsakar gidan, ranar za ta ɗauke su.

Watan Maris ne, ruwa ya ƙi sauka. Wanda bai san zafin Kumasi na wannan lokaci ba, ya shiga tukunyar waakye, shinkafa da wakenmu, ya rufe murfi. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, an ɗauke wuta fanka ta tsaya tana kallona, ƙuraje sun feso mini a baya kamar yaron goye. Amma ina da dabarata. Akwai tsohon tankin roba da na sa aka yanke rabi, na ɗora shi kan bulo a bayan akurkin kaji, inda inuwar mangwaro ke kaiwa. Bayan azahar nakan cika shi, in tuɓe, in shiga in jiƙa kamar gasarar koko. Yana ɗan yoyo, gindinsa kullum a jiƙe, nan zabin ke shan ruwa. Ban taɓa tambayar kaina ko akwai wani mai jin zafi a unguwar ban da ni ba.

Ranar jajiberi mata za su taru girki, har da Hajiya da tawagarta. Tun da safe na watsa dawa cikin ɗakin ajiya, zabin suka bi, na ja ƙofa na sa sakata.

Azumi ta ce, "Alhaji, me suka yi maka?"

Na ce, "Yau gidan nan gidan mutunci ne. Ba za su kunyata ni gaban surukai ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "Yoo." Wanda ya auri macen Zango ya san wannan "yoo" ɗin. Ba amincewa ba ce, ajiya ce.

Baƙi suka zo, aka hura wuta, tsakar gida ta koma tanda. Na gaisa da Hajiya daga nesa, kaina a ƙasa, nata a ƙasa, yadda ya kamata. Da na idar da azahar na duba hagu na duba dama, na zagaya baya. Na ce minti kaɗan, wa zai sani? Na rataye jallabiya da wando a reshe, na shiga. Kai! Har salati na yi don daɗi. Gidan shiru, babu zabo, sai dakan mata daga nesa. Na lumshe ido ina yaba wa hankalina.

Da na buɗe ido, iska ta kayar da kayana ƙasa, kuma wani ya riga ni sawa. Kumurci ne, baƙi wuluk, kaurinsa ya kai damtsena, ya miƙe kan jallabiyata a cikin lema yana hutawa kamar shi ya biya kuɗin filin. Na motsa kaɗan ruwan ya yi ƙara, ya ɗaga kai ya fasa wuya. Na san irinsa tofi yake yi a ido, sai na ɗauki ƙwaryar wanka na kife a fuska, na nutse har haɓa.

Yanzu ku yi mini hukunci. In na yi ihu na ce maciji, jikana ya tafi Dichemso, kuma ni na zama maƙaryaci gaban maza. In na fita da gudu, hanya ɗaya ce, ta tsakiyar mata ta bi, ga ni yadda uwata ta haife ni. Sai na zaɓi shiru. Na karanta duk abin da na haddace, har da wanda na manta rabinsa. Na yi masa magana a hankali da Hausa, na ce bawan Allah ka yi haƙuri ka wuce. Na gwada da Twi, yaren mutanen garin, ko ɗan ƙasa ne. Ko gezau. Yatsuna suka yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. Aka kira la'asar ina ji, ga ruwa har wuya, ba halin alwala.

Ashe babbar tukunyar shinkafa tana ɗakin ajiya. Azumi ta zare sakata. (Ta ce mantawa ta yi da zabin. Shekara arba'in muna tare, ko allura ba ta taɓa mantawa ba.) Suka fito da ƙishirwar yini guda, suka nufo gindin tanki a guje, suka yi kiciɓis da mai jallabiya. Ihun da suka yi ranar, na tabbata an ji shi a titin Accra.

Sai ga mata, da ludaya da muciya. Wata Maame maƙwabciyarmu, 'yar ƙasa, tana ta ihun maciji da Twi, "Ɔwɔ oo! Ɔwɔ!" Ta ƙasan ƙwarya na hango takalman Hajiya, masu ruwan zinariya. Na san su, irinsu na sayar. Zabin suka kewaye macijin suna matsowa, shi kuma da ya ga babu sarki sai Allah, ya sulale ya shige tsakanin bulo, ƙarƙashin tankin. Ƙarƙashina.

Matan suka zuba wa tankin ido. Azumi ta ce, "Wane ne a cikin tankin nan?" Kamar ba ta san tsakiyar kan mijinta ba!

Hajiya kuwa ba ta yi mini magana ba, kunya ta hana. Ta juya baya ta ce, "Hajiya Azumi, ki faɗa wa Alhaji, macijin da babu shi ya shiga ƙarƙashinsa."

Na ce daga cikin ƙwarya, "Azumi, ki ce mata na gode. Ki ɗauko mini riga a ɗaki."

Hajiya ta ce, "Ki ce masa babu lokacin riga. Ruwan zafi za mu kwara yanzu, in yana so a dafa da shi, to."

Sai na ji wani abu ya faɗo mini a ka. Zanen yayi ne, wanda matan suka yanka iri ɗaya don suna, ja da ruwan ɗorawa, da zanen manyan furanni, na Hajiya ne na canji da ta zo da shi a jaka. Na ɗaura a ƙirji, don ƙugu bai isa rufin asiri ba, na yi tsallen da ban yi ba tun ina saurayi. Na ratsa tsakiyar mata ina ɗiga, Alhaji guda, da furanni. Kowa ta sunkuyar da kai, kafaɗu kawai ke rawa. Zabin kuwa suka bar maciji suka biyo ni har ƙofar ɗaki suna ihu. Wannan shi ne abin da ban yafe ba har gobe.

Ta taga na ga ƙarshen yaƙin. Aka kwara ruwan zafi, ya fito, Hajiya Ramatu mai gyara mayafi ta karɓi taɓarya ta gama da shi, bugu ɗaya na biyu na tabbatarwa. Na zauna bakin gado ina jiran in ji an fara haɗa kayan Rabi.

Azumi ta shigo, tana danne dariya. Ta ce, "Hajiya ta ce suna yana nan. Wai a ƙauyensu ta tashi cikin macizai, gidan da ke da zabi irin waɗannan ya fi Dichemso tsaro. Sharaɗinta biyu: zabi a waje, maigida a cikin riga."

Washegari liman ya raɗa suna, sai na ji nawa ne. An yi mini takwara! Na yi ƙwalla, na ce ashe matar nan mutuniyar kirki ce. Na manta cewa 'yata ba za ta iya kiran sunan ubanta ba, surukina ma haka, dole a nema wa yaro laƙabi. Ina tsammanin Baaba, ko Abba, ko Maigida. Hajiya ce ta zaɓa.

Yanzu yaron yana gudu, kuma daga Dichemso har Alabar babu wanda ya san shi sai da Mai Tanki. In an kira shi a gabana ni ma sai na waiga, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Darasin da na koya, in dole sai na koya: mai yi maka ihu a gidanka kada ka kulle shi, wanda ya shigo shiru shi ne abin tsoro. Kuma in za ka rantse gaban surukai, ka shiga wanka da wando. Zabin suna nan, sun ma ƙaru. Muna gaisawa, amma ba ma shiri.