Soket ɗin da na sa a ƙofar gida

Ba zan taɓa mantawa da walimar da na haɗa wa kaina ba a gidanmu na Agege. Yayana Sani yana aiki a wata masana'antar motocin lantarki a ƙasar waje, kuma ya taɓa ce min, "Auta, in abubuwa suka yi kyau zan turo miki 'yar ƙarama." Ni kuwa na riƙe maganar kamar karatun sallah.

Wata rana ina wanke-wanke na ji a rediyo cewa kuɗin ƙasar da yake ya yi ƙarfi sosai. Na yi sujadar godiya nan take. Mu da kullum kukanmu naira ta faɗi, ai ƙarfin kuɗi sai alheri (a sakandare na yi darasin tattalin arziki, amma a bayan aji nake zama).

Ban tambayi kowa ba. Na kira mai gyaran wuta ya kafa min soket a ƙofar gida don cajin motar. Na je na roƙi maƙwabciyata Iya Rashida ta janye injin markaɗenta daga wurin, don nan motata za ta riƙa kwana. Ta dube ni ta ce, "Alhaja, mota ta iso ne?" Na ce tana kan ruwa. Maigidana ya ce in dakata, na ce masa ya kyautata zato ga Allah.

Ranar Asabar na soya waina, na tara matan Islamiyyarmu. Don in burge su, na kira Yaya a bidiyo, na ƙure sauti.

"Yaya, barka! Mun ji kuɗinku ya yi ƙarfi!"

Ya ce, "Auta, barka kuma? Ai shi ya kashe mu. Motocinmu sun yi wa masu saye a waje tsada, kamfani ya kwashe aikin ya kai ƙasar da kuɗinta ba shi da ƙarfi. An sallame mu. Dama ina neman yadda zan faɗa miki. Wai su waye a bayanki?"

Matan suka daina ci, sai cokalin ɗayarsu, Hajiya Ladi, da bai ji labari ba. Malamarmu ce ta cece ni, ta ce, "To, tunda an taru, a yi masa addu'a." Aka yi, ina hawaye, rabi na tausayin Yaya, rabi na kaina.

Washegari na kai wa Iya Rashida ragowar waina. Ta ce, "Alhaja, jirgin ya nutse ne?" Ta dawo da injinta, ta jona shi a soket ɗina. Har yau a nan take markaɗe.

Yaya ya samu wani aikin daga baya, alhamdulillahi. Ni kuwa yanzu in na ji labari mai daɗi a rediyo, sai na tambayi wa ya yi wa daɗi kafin in jiƙa shinkafar waina.