Tozon da Na Ƙara wa Babur ɗin Surukina

Zamanin da nake gyaran babur a Sule Tankarkar, gani nake ba ni da na biyu. Wani direba ya ce a masana'anta ana ƙara tozon kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul mai ya shiga inji, don injin tsere ya yi gudu. Na ɗora walda a na babur ɗin surukina, na goge da magagari, da ido na auna.

Na ce masa, "Baba, yau kai za ka buɗe kasuwar Maigatari."

Bai fita gari ba injin ya mutu. Ya turo babur ɗin har gabana.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Abokansa kuwa har yau in sun gan ni cewa suke, "Injiniya, hawa za mu yi ko turawa?"