Rasuwar Ƙahon Rago, Keken Hawan Dutse na Mandawari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafuwan da suka koma taka ƙasa kamar na kowa, ni Ɗayyabu mai zare na kasuwar Ƙofar Wambai, a madadin iyalina da majalisarmu ta bakin masallaci a Mandawari, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekena, wanda unguwa ta fi sani da Ƙahon Rago. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata da misalin ƙarfe ɗaya na rana, a kan rufin mota, tsakanin dajin Falgore da garin Riruwai. Ya yi shekara uku a hannuna.

An haifi marigayin a ƙasar Jamus. Ƙanena Salisu da ke zaune can ne ya aiko min da shi, shekarar da likita ya dubi takardar gwajin jinina ya ce lallai in riƙa motsa jiki, in ba haka ba suga zai kwantar da ni. Salisu ya gargaɗe ni cewa wannan ba keken zuwa cefane ba ne. Keken hanyar tsakuwa ne, an ƙera shi don burtalin da ke ratsa daji ya haura duwatsu. Ya haɗo min da bidiyon wasu Turawa suna keta itatuwa a guje, tsakuwa na tashi a bayansu. Na kalla sau bakwai, zuciya ta ɗebe ni, na tafi majalisa na ce a shaida: bayan salla zan hau duwatsun Riruwai da wannan keke, in ratsa daji in fito ta ɗaya gefen. Alhaji Abdulbaƙi, abokin wasana tun muna makarantar allo, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Malam Ɗayyabu, wace sallar?” Aka yi dariya. Wannan tambayar ta bi ni shekara uku.

Marigayin ya kasance mai sauƙin kai, da yatsa biyu ake ɗaga shi, domin ba da ƙarfe aka ƙera jikinsa ba. Kansa a lanƙwashe yake ya yi ƙasa, daga nan ya samo sunansa. Yana da giya goma sha ɗaya, ko da yake a titunan birni da babu hawa, biyu kawai muka taɓa buƙata. Bai taɓa ɗaga murya ba. In na daina tuƙi sai in ji shi yana cewa tsirrrr a hankali, ita ce kaɗai maganarsa. Kullum bayan asuba mukan fita mu bi ta bakin ganuwa mu zagayo ta gindin Goron Dutse, ni da kaftanina, ƙafar wando cikin safa, hular kwano a kan hular zanna. Matsattsen wandon da ya zo tare da shi ban taɓa sa shi ba, domin maiɗakina Nana Hauwa ta ce ranar da na fita da shi in tarar da ita a gidansu. A nan babu wasa: tumbina ya sauka, suga ya sauka, har likita ya miƙo min hannu muka gaisa. Ina son keken nan, wallahi ina son shi.

Sai dai bai taɓa taka dutse ba. Sau ɗaya muka je Dala, muka tarar matattakala ce, na saɓa shi a kafaɗa na hau da shi. Ƙaramar salla ta wuce na ce azumi ya rage min ƙarfi. Babbar salla ta wuce na ce damina ta yi nisa. Haka muka ci salla shida.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da 'yar ƙusa. Na kai shi wajen Mailafiya mai gyaran keke a Gwale don a yi masa faci, na wuce kasuwa. Mailafiya mutumin kirki ne, kirkinsa ne ma ya jawo. Da ya buɗe taya bai ga tub ba, sai wani farin ruwa kamar nono, wanda shi ne ke toshe huda da kansa. Ya wanke shi tas, ya cusa tub. Ya dubi kan keken ya ga a lanƙwashe, ya ɗauka haɗari na yi ina jin nauyin faɗa, sai ya cire shi ya sa masa miƙaƙƙe irin na mutanen kirki. Daga nan ya ga babu kariya a baya, ya huda jikin keken ya ɗaura masa ta ƙarfe, ta ɗaukar buhu. Da na dawo ya tare ni yana murmushi ya ce, “Malam, yanzu ya zama keke. Kan da kariyar kyauta na sa maka.” Mutum ya yi maka kyauta, me za ka ce? Na ce Allah ya saka da alheri. Tun daga ranar marigayin ya daina tsirrrr, ya koma ƙyas-ƙyas.

Sati biyu bayan babbar sallar bana Alhaji Abdulbaƙi ya gaji da jira. Da kansa ya je tasha ya kama min kujerar gaba a motar Riruwai, ya dawo ya sanar a majalisa. Unguwa ta ji Ɗayyabu zai yi tafiya, sai saƙo ya fara shigowa: alkaki zuwa Tudun Wada, atamfa turmi biyu zuwa Doguwa, galan ɗin man gyaɗa na wata gwaggo da ban taɓa jin sunanta ba. Ɗan birni ba ya cewa a'a, duk na karɓa. A tasha direba ya kwantar da marigayin a kan rufi, ya jera saƙonnin a kansa. Na ce a bi shi a hankali, ba ƙarfe ba ne. Ya ce, “Haba Baba, keke ne fa.” A Kwanar Ɗangora aka ƙara buhun taki huɗu.

Mun shiga Falgore, itatuwa dama da hagu, iska mai sanyi, sai na ji ƙas daga sama. Amma a lokacin idona na kan abin da ke gabanmu. Jama'a, a waya duwatsu ƙanana ne. Na Riruwai da na gani da idona, sai da na riƙe hulata kafin in hango ƙarshensu, ga hanyar ta miƙe tsaye kamar tsani, ga tsakuwa kowace kamar ƙwallon goruba. Na tuna shekaruna hamsin da huɗu, na tuna majalisa na jiran hoto.

Da muka isa Riruwai aka sauke taki, aka sauke man gyaɗa, aka ɗago marigayin gida biyu, ya karye daidai inda Mailafiya ya huda. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne alhamdu lillahi. Direba ya dafa kafaɗata ya ce shekararsa ashirin a kan hanya bai taɓa ganin mai tawakkali irina ba. Na bar shi a haka. Marigayin ya rufa min asiri a ranar da babu mai iya rufa min, kuma da ransa ya yi.

Ya rasu ya bar ni, da hular kwano ɗaya, da famfo, da matsattsen wando wanda Nana Hauwa ke goge murhun gas da shi, da lanƙwasasshen kansa na asali da ke rataye a shagon Mailafiya ana sagala tsofaffin tayoyi. Ya kuma bar suga, wanda tun ranar Litinin ya fara leƙowa.

Ba za a yi masa salla ba, liman ya ce kada in kuskura in sake tambaya. Za a rataye shi a soron gidanmu ranar Alhamis bayan la'asar, kuma za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida har kwana uku. Ana roƙon Mailafiya ya zo hannu rabbana, ba tare da kayan aiki ba. Ana kuma roƙon jama'a da babbar murya kada kowa ya sanar da Salisu, domin na san halinsa, wani zai sake aikowa. Na samu labarin Alhaji Abdulbaƙi ya karɓi lambarsa a wajen Nana Hauwa tun shekaranjiya. In har ya riga ya buga, to a shaida wa majalisa ina nan a kan bakana: bayan salla.