Rumbun Ilimi da Buhunan Masara

A shekarar 2021 ne aka ɗora wa kotun wani gari nauyin sauraron ƙararrakin abincin da aka sauya wa halitta a ɗakin gwaji. Jama'a sun taki sa'a, domin kujerar ta faɗa hannun alƙalin da tun da aka yaye shi bai taɓa cewa "ban sani ba" ba. Shi ya fi son a kira shi Rumbun Ilimi. Lauyoyi kuwa, idan sun fita baranda, Malam Ɗage suke ce masa. Littattafan da ke bayan kujerarsa sun kai rufi, kuma saboda tsananin girmamawa bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ƙarar farko ta wani dattijon manomi ce. Maƙwabcinsa ya shuka masarar da aka sauya, sai masu sarrafa abincin jarirai, waɗanda suke sayen amfanin gonar dattijon, suka ce ba za su ƙara karɓa ba har sai kotu ta tabbatar cewa iska ba ta gauraya irin gonakin biyu ba. Cin iyalinsa na shekara yana rataye a kan wannan hukunci.

Lauyoyin ɓangarorin biyu suka roƙi a aika da masarar ɗakin gwaji. Rumbun Ilimi ya sauko da tabarau kan hanci.

"Ni da nake gane maƙaryaci tun daga takunsa, masara ce za ta gagare ni? Kotu ba ta komawa makaranta. A kawo buhunan."

Aka kawo buhu ɗaya daga kowace gona. Ya shinshina, ya ciza, ya karkaɗa ƙwaya kusa da kunne, sannan ya gyaɗa kai irin na wanda asiri ya bayyana gare shi. A zuci dai duk masara ya gani. Da matarsa ta ba shi shawara ya bar wa masana aikinsu, sai ya tunatar da ita cewa raina kotu laifi ne ko a teburin cin abinci.

Kafin yanke hukunci, ya ba da umarni cewa an haramta wa furen gonar maƙwabci ƙetare iyaka. Masinjan kotu ya je ya karanta wa gonar umarnin, ya liƙa shi a jikin shinge. Aka kulle buhunan a ɗakin ajiye shaida, aka ɗage zama.

A zama na gaba dattijon ya miƙe. "Ranka ya daɗe, na riga na girbe. Masu saye sun ce haƙurinsu ya kusa ƙarewa."

"Baba, adalci ba ɗanyen kaya ba ne," in ji Rumbun Ilimi. "Ba ya ruɓewa." Ya sake ɗagewa, don halartar taron da zai yi jawabi a kan gaggauta shari'a.

Ranar hukunci aka ɗauko buhunan, sai ga su shafal. Ɓerayen kotu, waɗanda ba sa ɗage zama, sun cinye duka biyun ba tare da nuna bambanci ba. Rumbun Ilimi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ya kori ƙarar saboda rashin shaida, ya kuma gargaɗi dattijon a kan ɓata wa kotu lokaci.

Dattijon ya karyar da masararsa ga masu kiwon kaji, ya ɗaukaka ƙara. A yau takardunsa suna kan teburin sabon alƙalin kotun sama, wanda aka yi wa ƙarin girma saboda ƙwarewarsa a shari'ar abinci. Rumbun Ilimi ne, kuma ya ɗage zaman farko.