Baitin Rediyon Baba

Da Baba ya yi ritaya daga koyarwa, na ce ni zan yi masa waƙa. Sati biyu ina rera ta a ɗaki, ina jin babu mawaƙi kamata a Jimeta.

Ranar walima na miƙe gaban dangi a tsakar gidanmu na Luggere. A baiti na uku na rera yadda tsoronsa ya hana ni faɗin cewa ni na saki rediyonsa cikin rijiya muna yara. Na ɗauka hawaye za a yi.

Baba ya zare tabarau. "Ashe kai ne?"

Yayana, Hamma Bello, wanda ya sha bulalar, ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Har yau in mun haɗu sai ya ce, "Mawaƙi, ƙaro mana baiti. Ba a gano wanda ya karya keken Baba ba."