Rufin Masu Girma da Kunnena na Hagu

Jama'a, ranar Asabar na sha kunya a gaban yaran da na ga haihuwarsu. Ƙungiyarmu ta waƙa, wadda muke kira klapa, ba ta da ganga ba ta da garaya, murya ce kawai da kunne. Muna tsaka da gwajin waƙar bikin 'yata Nevena sai shugabanmu Jerko ya ɗaga hannu ya tsayar da mu, ya kira ni barba, wato kawu, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Barba Vicko, da wa kake waƙar nan? Mu muna coci, kai ka tafi kamun kifi."

"Ina jin ku sarai, yaro."

"Na damanka kake ji. Na hagunka tun ɗazu suke hararar ka. In haka za a tafi, ranar biki sai dai ka riƙa motsa baki."

Uban amarya yana motsa baki! Raina ya ɓaci, kuma na san inda zan kai ƙarar kunnena na hagu.

Aladen daji ke cinye mana inabi, ƙungiyar mafarauta kuwa ba ta barin mutum shiga daji sai ya riƙa zuwa filin gwajin harbi. Da can filin nan fili ne, ka harba, ƙarar ta bi iska ta faɗa teku. Sai zaɓe ya matso, masu girma suka tuna da mu. Suka zo buɗe filin da kakanninmu ke harbi a ciki tun kafin a haife su. Don kada rana ta taɓa ƙeyar babbansu, Mai Almakashin Yanka Ƙyalle, aka kafa rufin kwano da bangon siminti. Yanzu in ka harba sau ɗaya, sau uku take dawo maka. Madalla da wannan tattali! Abin da zai shanye ƙarar, an ce yana zuwa "a mataki na biyu". Sun ma sayo marufan kunne masu ƙyalli, suna nan cikin kabad na gilashi, mabuɗin yana aljihun wani jami'i da kullum yake taro.

Na kai kukana wurin maƙwabcina Lovre, wanda ya tsaya mini ranar aurena, shi ya sa muke kiran juna kume.

"Kume, me kake sawa a kunne in za ka harba?"

"Ka ce me?"

Na maimaita da ƙarfi har kajinsa suka watse.

"Af! Audugar gindin sigari. Kakana da ita ya yi farauta har ya tsufa."

"Ai shi ya sa kakarka ke kiransa cin abinci da jifa."

Washegari na tafi shagon Vinka mai kayan farauta. Na nuna wani ƙaton marfin kunne, ta ce sam, zai riƙa karo da gindin bindiga yana ɗagewa. Ta ba ni siriri, ta haɗa da soson da ake murzawa a cusa ciki, ta ce ƙarƙashin rufin filin harbin dole sai duka biyun. Na fito da baƙin tabarau na zuwa bakin teku, ina taƙama.

"Wannan na kallon 'yan yawon buɗe ido ne, barba. Ɓarɓashi ɗaya ya dawo, gilashin da kansa zai shige maka ido. Ɗauki wanda aka yi don harbi, mai siraran hannuwa, don kada ya buɗe wa ƙara ƙofa a gefen kunne."

Na tambaye ta dalilin da ya sa kunnen hagu ne kawai ya lalace. Ta ce mai ɗora bindiga a kafaɗar dama, kunnen hagunsa ne ke kallon bakinta.

"To in na sa waɗannan, zai dawo?"

"Wanda ya tafi ba ya dawowa. Na daman za mu ceta."

Na yi dariya a shagon, amma a mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Da na sa kayan nan duka a filin harbi, an yi mini ba'a son rai. Lovre ya sara mini, ya ce, "Ranka ya daɗe matuƙi, yaushe jirgin zai tashi?" Na ga bakinsa na motsi, sai daga baya aka faɗa mini abin da ya ce. Na koma gida kunnena bai yi kuwwa ba, abin da na manta rabona da shi.

Jiya Jerko ya ja hannuna ya kai ni ƙarshen layi, inda babu kowa a haguna sai bango, dukkan muryoyin suna zubowa ta dama. Muka ɗauko waƙar har ƙarshe bai ɗaga hannu ba. Nevena tana bakin ƙofa tana share ido, wai albasa ta yanka.

Don haka zan yi wa 'yata waƙa da kunne ɗaya. Mai Almakashi kuwa na gayyace shi bikin, domin na ji yana son yin jawabi a kan mataki na biyu. Na riga na tanadar masa kujera mai laushi, daf da ni, ta hagu.