Jitar da Na Sa wa Sunana

Ba zan taɓa mantawa da damanar da na yi niyyar shiga tarihi ba. Tun da aka kafa duniya, babu ciwon da ya daɗe a jikin ɗan Adam kamar son barin sunansa a jikin wani abu. Sarakunan Masar sun sa an sassaƙa nasu a dutse, attajirai suna rubuta nasu a goshin babbar mota, ɗalibaina kuwa da ƙusa suke ƙwaƙule nasu a bangon makewayi. Ni mushe ne, wato malamin boko, mai koyar da tarihi a wani koleji a Madarunfa, na daɗe ina karantar da wannan rauni ina murmushi irin na wanda ya fi ƙarfinsa. Sai na ƙera jita.

Ta cinye mini ranakun hutu na kusan shekara. Cikinta falanki ne mara kauri, ƙarafan da ke gicciye a wuyanta sifokin keke ne, tsirkiya da maɗaurinta kaɗai na sayo a Maradi. Wuyan ne ya ba ni wahala, don yana son katako mai tauri. Na same shi a bayan aji, cikin tarin karyayyun bencina da gara ke ci, matan unguwa kuma ke tsintar na hura wuta. Jan katako ne, miƙaƙƙe, aibinsa ɗaya: a ƙarshensa, daidai inda zai zama kan jita, akwai tambarin makarantarmu da farin fenti. Na kankare na kankare, fentin ya riga ya shige cikin naman icen, kuma in na ƙara fiƙewa kan zai karye ranar da aka ja tsirkiya. Na ce a raina ba komai, za a rufe, na naɗe wurin da ƙyalle kafin nan.

Ranar da na kai ta ɗakin malamai na kaɗa, kowa ya yaba sai Mushe Illiyasu, malamin lissafi, wanda bai taɓa yarda da abin da bai gani a allo ba. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce wannan dai ta gwanjo ce daga kasuwar Jibiya, an goge mata suna don kada a gane. Na rantse, ya ce rantsuwa ba hujja ba ce. "Kowane maƙeri shina sa sunanai ga abin da ya ƙera," in ji shi. "Ina naka?" Kafin mako ya zagayo har masu sayar da ƙosai a bakin makaranta suna tambayata nawa na saye ta. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata. Na sha alwashin cewa ranar bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara, gaban iyaye da baƙi, zan kaɗa ta da sunana a goshinta.

Na duba a waya yadda masu sana'ar ke yi. Suna buga suna a wata takarda ta musamman, su jiƙa ta, hoton ya sulluɓe ya kwanta a katako kamar da shi aka haife shi. Na nemi takardar a Maradi, mai shago ɗaya ya ba ni takardar kalke, shara-sharar nan ta kwafar zane, wani ya ba ni shawarar in yi haƙuri. Sai na tuna cewa mu ma muna da ilimi tun kafin zuwan injin buga takarda. (Duk lokacin da na ji wannan jimla ta taso mini, ya kamata a ce wani ya riƙe mini hannu.) Na hau babur na tafi Safo wurin Kawu Malam Sani, wanda tawadarsa ta allo ta yi suna wajen baƙi da sheƙi. Ya cika mini 'yar kwalba, ya haɗa mini da dunƙulen ƙaro, ya tambaye ni me zan yi da ita. Na ce rubutu, Kawu. Ya sa mini albarka, ya ce dama ya san boko ba zai riƙe ni har abada ba.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba zai musa ba. Na shafe kan jitar da tawada har farin tambarin ya nutse, ya yi baƙi wuluk. Haruffan kuwa na zana su a takardar kalke, na ɗora a kan takarda mai ruwan zinariya ta cikin kwalin shayi, na bi da reza ina yanka a hankali, na manna su da ƙaro. Sunana a sama, lanƙwashe kamar jinjirin wata, Madarunfa a ƙasa. Matata ta leƙo ta ce ya yi kama da murfin akwatin lefe, na ɗauka yabo ne. Saura berni, man da ake shafa wa katako ya hana ruwa shiga. Na gwada a wani guntun ice, sai na ga ya dushe zinariyar, ya mayar da ita kamar tsohuwar tasa. Na dubi jitata tana walƙiya, na rufe gwangwanin berni na tura shi ƙarƙashin gado.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya dube ni da kyau. Babu yaron da ya tashi a ƙasar nan bai san amfanin tawadar allo ba. An yi ta ne don a wanke. Ni kaina na sha rubutu ƙwarya-ƙwarya kafin birbe, jarrabawar gama koleji, na san ɗanɗanonta fiye da na madara. Amma ban taɓa haɗa wannan sani da abin da ke hannuna ba, don lokacin ba tawada nake gani ba, sunana nake gani.

Ranar biki aka jera kujeru ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dalbejiya. Ga iyaye, ga Mushe Direkta da babbar riga, ga baƙo daga ofishin ilimi na Maradi. Hadari ya haɗu ta gabas, manoman cikin taron suna ta ɗaga kai, hankalinsu ya riga ya tafi gona. Aka kira ni. Na fito da farar shadda, na ɗaga kan jitar sama yadda zai fuskanci Mushe Illiyasu, na fara. Ina tsakiyar waƙa aka soma yayyafi. Babu wanda ya tashi, ruwan farko ne, kowa na son ya taɓa shi. Na ji jama'a sun fara dariya ƙasa-ƙasa, na ce a raina kiɗa ya ratsa su, na lumshe ido na ƙara ƙaimi. Na ji hannuna na hagu yana santsi, na ɗauka gumi ne, har na share goshi da shi.

Da na buɗe ido, hannun rigata ya koma baƙi har gwiwar hannu. Haruffan suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, wani ya maƙale a tsirkiya, wani ya kwanta a kan takalmina. A kan jitar kuwa, inda sunana yake ɗazu, farin tambarin makaranta ya fito tas, wankakke, har da lambar aji.

Mushe Direkta ya taso a hankali, ya sa tabarau, ya sunkuya ya karanta da ƙarfi kamar mai kiran suna a aji. Sannan ya dubi baƙon Maradi, ya dube ni, ya ce, "Mushe, wanga ai kayan gwamnati ne."

Daga baya can na ji muryar Mushe Illiyasu, a natse. "To, mun yarda. Ba Jibiya ya saye ta ba."

Na daɗe ina tunani a kan wannan rana. Abin da na nema na samu, don yau babu mai shakkar cewa ni na ƙera ta, duk garin ya ga shaida. Na kuma koyi cewa wanda ke son sunansa ya daɗe, ya fara tambayar me aka yi tawadar dominsa, ya kuma duba sunan wa ke ƙasa kafin ya ɗora nasa. Kakanninmu da suka haɗa tawadar da ake wankewa a sake rubutu wataƙila sun fi sarakunan Masar fahimtar duniya, ni ne na zo na nemi ta yi aikin dutse.

Baƙon Maradi ya yaba wa makarantarmu a kan yadda take sarrafa tsofaffin kayanta. Jitar tana magaza, ɗakin ajiyar makaranta, makullin yana wurin Mushe Direkta, ana ba ni aronta ranar Laraba.